Wa ya mayar da burtsatsen zuwa Unguwar Yamma? Abin da aka tattauna a zauren ƙungiyar garinmu

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ɗauka rigima nake nema. Jiya yara suka dawo daga ɗibar ruwa suke ce min motar haƙar burtsatse tana can bayan firamare, a Unguwar Yamma. Mu kuwa abin da Baban Ihsan ya dawo mana da shi daga taron bayan ƙaramar sallah shi ne a gabas za a haƙa, kusa da tsohuwar rijiya. A kan haka kowane gida ya ba da dubu biyar. Namu kuɗin ma awakina biyu na duba na sayar da ƙaramar. To wa ya canza wurin, kuma yaushe aka zauna aka canza?

Ɗan Acaɓa: Wa alaikumus salam Anti. Sai yanzu kuka ji? Ni da nake yawo a gari tun shekaranjiya na ga motar. Ki tambayi gidan wa ke kallon wurin da aka kafa ta, za ki samu amsarki.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Acaɓa, a yi hattara. Dokar zaure tana nan, ba a jifan kowa da zargi ba hujja, ba a kuma kama suna. Tambayar Hajiya tana kan hanya, a bar masu amsa su amsa. Malam Sakatare, kana kusa?

Ɗan Acaɓa: Ban kama sunan kowa ba, ranka ya daɗe. Amma biri ya yi kama da mutum.

Sakataren Ƙungiya: Ina nan. Hajiya, kwamiti ne ya zauna ya yanke, mu tara, da mai unguwa a wurin. Ba don gidan kowa aka yi ba, Allah shaida. Masu gwajin ruwa ne suka zo da na'urarsu suka auna wuri uku, suka ce gabas dutse ne, in aka haƙa asarar kuɗi za a yi. Takardarsu tana hannuna.

Maman Ihsan: To Malam Sakatare, takardar tun yaushe take hannunka?

Sakataren Ƙungiya: Ta kai sati biyar.

Maman Ihsan: Sati biyar. Kullum muna cikin zauren nan ana turo gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, amma ba a samu mai rubuta layi biyu ya ce wuri ya canza ba. Ni ban ce an ci kuɗi ba. Abin da ya yi min ciwo shi ne a bakin yara na ji.

Injiniya: Bari in sa baki kan maganar dutsen, don aikina ne, kodayake ban ga takardar ba. Abin da Malam Sakatare ya faɗa ba baƙon abu ba ne. Yawancin ƙasar Katsina da Kano da Kaduna a kan dutse mai tauri take zaune. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina kamar yadda yake a yankin yashi na wajen tafkin Cadi. Yana maƙalewa ne a inda dutsen ya ruɓe daga sama, ko a cikin tsagoginsa. Shi ya sa za ka ga an haƙa nan an samu ruwa mai yawa, an matsa taku ɗari an haƙa an tarar da ƙura. Masu gwajin suna kafa ƙarafa a ƙasa su tura wutar lantarki, su ga inda ta wuce da sauƙi da inda ta cije. Ba duba ba ne, wani lokaci suna kuskure, amma ya fi a haƙa da ka. Tsohuwar rijiyar gabas kuma kowa ya san tana ƙafewa tun kafin watan azumi a shekarun da ya faɗo cikin bazara, wannan ma alama ce.

Sai dai Malam Sakatare, wannan bayanin da na yi yanzu bai ɗauke ni minti uku ba. Da an yi shi sati biyar da suka wuce, da Ɗan Acaɓa bai samu abin faɗa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɗan Acaɓa: Yaya Injiniya, yau ni ne ƙadangaren?

Injiniya: Ƙanena, kai dai ka ji karin magana.

Sakataren Ƙungiya: Gaskiya takardar da Turanci take, cike da zane-zane da lambobi. Na ga in na turo ba mai ganewa, sai ma ta ƙara rikita mutane. Muka ce a bari ruwa ya fito, kowa ya gani da idonsa.

Tsohon Kansila: Ni zan tsaya wa kwamiti, ko da za a ce na saba. Wanda bai taɓa riƙe jama'a ba shi ke ganin komai sai an kira taro. Na yi kansila zango guda, na ga abin da idona. An taɓa ba mazaɓarmu kwalbati ɗaya tak. Na ce bari in yi abin kirki, na tara mutane a ƙofar gidan dagaci. Wallahi tun bayan azahar har aka kira magariba ana musu, kowa ƙofar gidansa yake so. Aka tashi baram-baram. Kafin mu sake zama wata ya ƙare, aka karkatar da kwalbatin zuwa wata mazaɓa da kansilanta bai tambayi kowa ba. Har yau in damina ta yi ƙarfi sai an tuɓe takalmi a wurin nan. To da kwamitin nan ya dawo ya ce gabas ba ruwa, mutanen gabas za su ce a mayar musu da kuɗinsu, aiki ya tsaya, mai mota ya tafi wani gari. An zaɓi mutum tara don su yanke ne, ba don su riƙa dawowa neman izini kan kowane ƙusa ba.

Maman Ihsan: Baba Kansila, da girmanka, amma canza unguwa ba ƙusa ba ne. Kuma ba izini na ce a nema ba. Su yanke, amma su faɗa, su kuma faɗi dalili. Da an faɗa min zan ji haushi kwana biyu in haƙura. Yanzu fa ko ruwan ya fito kamar kogi, akwai waɗanda ba za su taɓa yarda ba don gidan wani aka yi ba.

Lauya: Baba Kansila ya haɗa abu biyu wuri ɗaya, Hajiya kuma ta raba su daidai. Wa ke yankewa daban, wa ke da haƙƙin sani daban. Kuma ku lura, abin da ke faruwa a ƙungiyarmu shi ne ƙaramin hoton abin da ke faruwa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar kan gwamnoni 36, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin riƙe shi, ba shi kuma da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Aka yi ta murna a rediyo, an ce mulki ya dawo ƙofar gida. Aiwatarwar ma ta yi ta jan ƙafa, amma a ajiye wannan. A ce gobe kuɗin sun faɗo asusun ciyaman ba tare da sun bi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi ba. Wa a cikinmu zai san nawa ne, me aka yanke a yi da su? Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.60 cikin ɗari ne, ba ƙaramin abu ba ne. In daga aljihun da ba ma gani suka koma wani aljihun da ba ma gani, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mai Shayi: Barista, to ai mu ba mu da hanyar sani. Wa zai bar ni in shiga ofishin ma'aji da tukunyar shayi?

Lauya: Rabin hanyar a buɗe take, Malam. Tun zamanin Obasanjo, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, aka fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu duk wata. Yanzu ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sa shi a intanet, da wayarka za ka duba. Abin da ya shigo kenan. Inda duhun yake shi ne abin da ya fita. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa in ka rubuta ka nema. Amma fa wannan doka hukumomin gwamnati ta kama. Ƙungiya irin tamu ba abin da ya ɗaure ta sai kundin da muka rubuta da hannunmu, kuma na duba shi ɗazu, babu layi ko ɗaya da ya ce kwamiti ya sanar da jama'a abin da ya yanke. Laifinmu ne duka, har da ni da na taya rubutawa.

Tsohon Kansila: Barista ya faɗi abin da ke takarda. Bari in faɗa muku abin da ke ƙasa. Wannan adadi da kuke gani a intanet, kafin ya iso an zare albashin malaman firamare, an zare na ma'aikatan lafiya da fansho, an zare kason masarauta, ga ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Mu kansiloli da kanmu sau da yawa kasafin kuɗi ranar da za a amince da shi muke fara ganinsa. Kundi ne mai kauri, a ajiye maka, a ce a ɗaga hannu. To mutum ya ga miliyoyi a waya, ya zo ya tare ka a masallaci ya ce ina kuɗinmu. Sanin rabi ya fi rashin sani haɗari.

Injiniya: To Baba, ai maganinsa a faɗi ɗaya rabin. A rubuta a allo a ƙofar sakatariya: ga abin da ya shigo, ga abin da aka zare, ga saura. Da an yi haka da kai ma ka huta da masu tare ka a masallaci. A nan Kaduna an ɗan gwada wani abu, ana bin mazaɓu ana tara buƙatun al'umma a rubuce, su jera abin da suka fi so a gaba, a shigar cikin kasafi. Ban ce komai na cika ba, amma aƙalla akwai takardar da mutum zai ɗaga ya ce ga abin da muka nema.

Malam Mai Ritaya: Allah ya yi muku albarka, na daɗe ina karantawa. Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Shekara nawa ana turo kason ƙaramar hukuma ba wanda ya taɓa tada magana a zauren nan? Amma dubu biyar ta burtsatse ga shi tun safe ake yi. Dalili a fili yake: wannan daga aljihu ta fita, har da akuyar 'yata Maman Ihsan. Waccan kuwa ana ganin kuɗin Abuja ne, kuɗin mai, ba na kowa ba. Muna yara zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, mahaifinmu yana adana rasit ɗin haraji a cikin gwangwani tare da takardar gona. Kuma in za a yi aikin gayya ko an yanke wani abu a fada, sankira ne zai zaga gari da yamma, lungu-lungu, har matan da ke cikin gida su ji ta katanga. Babu wanda zai ce bai ji ba.

Ɗan Acaɓa: Allah ya gafarta Malam, amma kakana ya ba ni labarin harajin nan. Ya ce in ba ka biya ba a rana ake shanya ka, wasu har gudu suke yi su bar gari. Wa ya isa ya tambayi hakimi ina kuɗin suka tafi?

Malam Mai Ritaya: Gaskiyarka ɗana, ban ce a dawo da shi ba. Ina da wayo sarai lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979, na ga murnar da talakawa suka yi. Sankira umarni yake kawowa, ba ya karɓar tambaya. Abin da nake nufi kawai, su sun san yadda ake isar da magana ga kowa. Mu muna da waya a hannu, mun fi su kayan aiki, amma saƙonmu iyakarsa mutum ɗari da wani abu da ke zauren nan. Matata ba ta ciki. Masu garuwa, waɗanda su ne za su fi kowa sanin nisan yamma da gabas a kafaɗarsu, ko ɗaya babu a nan.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri baƙo ya sa baki, aure ya kawo ni zauren ga. Wajenmu a Nijar tun 2004 munka fara zaɓen kansaloli da magadan gari. A doka zaman majalisar gari a buɗe yake, kowa na iya zuwa ya zauna ya saurara, sarakuna ma suna da kujera, suna ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. To amma da Faransanci ake rubuta komai, a liƙa a bangon ma'aikatar magajin gari. Wa zai karanta? Abin da ya fi taimakonmu rediyon karkara ne, in magajin gari ya shiga ya yi bayani da Hausa mutane suna bugo waya. A watan Afrilun 2024 kuma sojoji sunka rushe majalisun duka, sunka naɗa masu riƙo. Abin da ya ba ni mamaki, a ƙauyenmu mutane da yawa ba su ma lura an rushe ba, don dama ba su taɓa jin abin da ake yankewa ciki ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ina tare da Maman Ihsan, amma ina da ja a kan masu cewa a baje komai. Bara da aka kawo shinkafar tallafi, saboda gudun zargi aka rubuta sunayen waɗanda suka samu aka manna a bangon masallaci. Akwai wata baiwar Allah maƙociyata, mijinta ya rasu, tana rufa wa kanta asiri da ɗan ƙosai, ba wanda ya san halin da take ciki. Sunanta ya fito na uku a takarda. Yara suka riƙa tsokanar ɗanta a makaranta. Da aka zo rabo na biyu cewa ta yi a cire ta, gara ta kwana da yunwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A faɗi buhu nawa aka kawo, a faɗi ƙa'idar da aka bi, a sa dattawa biyu da mace ɗaya su duba sunayen su shaida. Amma ba sai an tona asirin mabuƙaci ba don a wanke kwamiti.

Lauya: Hajiya, wannan ba ja ba ne, gyara ne, kuma na karɓa. Kuɗi da dalili da sunan masu yankewa a fili, sunan mai karɓar taimako a rufe.

Mai Shayi: To in an rufe sunaye ta ina za mu gane in ɗan kwamiti ya rubuta matansa biyu da ƙanwarsa? Mun ga an yi.

Hajiya Mai Atamfa: Shi ya sa na ce a sa masu dubawa waɗanda ba 'yan kwamiti ba. Kai ma in kana so a sa ka, amma ka rantse ba za ka kai hirar teburin shayi ba.

Mai Shayi: A'a Hajiya, a nemi wani.

Sakataren Ƙungiya: Na saurari kowa. Na yi kuskure da na riƙe takardar, ku yafe ni. Ga hotunanta nan na turo, shafi huɗu. Tunda an zo nan kuma gara in faɗi sauran da kaina kafin a ji a wani wuri: kuɗin gwajin ba ya cikin lissafin da aka karanta a taro, daga kuɗin ƙafar tanki muka ɗauka. Don haka ko ruwa ya fito, tanki zai jira sai an ƙara tarawa, ko mu rage faifan sola.

Ɗan Acaɓa: Ka ji ko! Ashe da sauran rina a kaba.

Injiniya: Na duba hotunan. Wuri na biyu, bayan firamare, shi ya fi alamar ruwa, na gabas kuwa dutse ya taso kusa ƙwarai. Da ni ne ma nan zan zaɓa. Ɗan Acaɓa, gidan da kake nufi ma wuri na uku ya fi kusa da shi, kuma ba a zaɓe shi ba. Amma kada a rage sola, famfon zai riƙa wahala ya mutu da wuri. Gara tanki ya jira. Yau da dare zan yi saƙon murya da Hausa in bi takardar shafi-shafi, a tura wa waɗanda ba sa zauren.

Tsohon Kansila: Ku dai shirya, ranar da aka faɗi maganar tankin nan a taro za ku ga abin da nake faɗa. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, gidaje nawa ne har yau ba su biya dubu biyar ɗin ba, kuma su ne za su fi kowa ɗaga murya.

Maman Ihsan: A karanta adadinsu su ma, Baba, ba sai an kira suna ba. Yaya Injiniya, tambaya ɗaya: in an kafa tankin, za a iya jan bututu zuwa gabas a sa mana kan famfo ko biyu ne? In zai yiwu a faɗa mana kuɗinsa tun yanzu, mu mata muna da adashi.

Injiniya: Zai yiwu in ruwan ya yi ƙarfi kuma tankin ya yi tsayi. Sai an gama haƙa an gwada yawan ruwan kafin in ce eh. Kada a tara ko sisi kafin nan.

Mai Kula da Zaure: To ga inda aka tsaya. Na yi magana da mai unguwa, liman zai yi sanarwa bayan sallar Juma'a, taro kuma ranar Asabar. Barista zai rubuto layin da za a ƙara a kundi a kawo a karanta. Ba a yanke maganar wanda zai riƙe kuɗin jarka ba in an fara sayar da ruwa, wannan ma a zo da shawara.

Maman Ihsan: Asabar da ƙarfe nawa, kuma a ina? In a ƙofar gidan mai unguwa ne bayan isha'i kamar kullum, kun san ba macen da za ta zo. A yi shi a islamiyya bayan la'asar, ni zan bi gidajen gabas in faɗa. Malam Sakatare, a taho da rasit ɗin masu gwajin.

Sakataren Ƙungiya: In sha Allah. Rasit ɗin yana wurin ma'aji, zan karɓo gobe.

Ɗan Acaɓa: Yanzu na sauke fasinja ta bayan firamare. Ƙura ta daina tashi, laka ce ke fitowa. Mai motar ya ce a ba shi zuwa gobe da azahar.